Ƙadangaren da Ba Ya Ɓata Ruwa

Wata rana da la'asar, cikin tsananin zafin bazara, wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, yana zaune a zauren gidansa a wata unguwa ta garin Kaduna, sai ya aiki jikarsa ta sayo masa goro. Yarinyar ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba. Da ta dawo ta durƙusa ta miƙa masa goron, ta haɗa da canji, wata takardar naira ashirin da ta sha hannu har launinta ya koɗe. Ya ce ta riƙe. Sai ta yi dariya ta ce, "Haba Kaka, wannan ai ko ruwan leda ba za ta saya ba."

"To amarya, raina kama ka ga gayya," in ji shi. "Juya bayanta ki gaya mini wadda kika gani."

Fuskar Janar Murtala da ke gaba ta daɗe da saninta, amma matar da ke baya, wadda ta duƙufa a kan aikin tukunya, ba ta taɓa kula da ita ba. Ya gaya mata sunan matar Ladi Kwali. Ta gyaɗa kai irin na yaron da hankalinsa ke wajen wasa, ta ajiye takardar a kan buzunsa ta fice. Shi kuwa ya ɗauka ya ƙura mata ido, tunani ya kwashe shi ya mayar da shi baya fiye da shekara sittin.

A ƙauyen da aka haife shi, can kudancin ƙasar Zazzau, akwai wata randa a ƙarƙashin rumfar kakarsa. Ginin Gwari ce, kuma a faɗar tsohuwar, ta girmi mahaifinsa. An kafa gindinta cikin yashi, an rufe bakinta da faifai, an kifa moɗa a kai. Gidan cike yake da tuluna da tukwane, amma ruwan wannan randa ne ake kai wa baƙo. Jikinta kullum a jiƙe yake kamar goshin wanda ya dawo daga gona, idan mutum ya ɗora tafin hannunsa sai ya ji sanyi ya ratsa shi. A kafaɗarta maginiyar ta zana ƙadangaru huɗu, kowanne ya baje ƙafafu, kansa yana fuskantar bakin randar, sai ka ce ƙishirwa ce ta koro su.

Ran nan, yana ɗan shekara bakwai, ya shigo a guje zai sha ruwa, sai ya tarar da ƙadangare na biyar. Wannan mai rai ne, jan gwada, ya hau ya lafe a gefen faifan yana gyaɗa kai. Yaro ya sunkuya ya ɗauki dutse. Kafin ya ɗaga hannu sai ya ji an riƙe shi ta baya.

"Kai maigida, rufa mini asiri," in ji kakar. "Ba ka ji an ce ƙadangaren bakin tulu ba? A kashe shi a fasa tulu, a bar shi ya ɓata ruwa."

Ta tafa hannu sau biyu, ƙadangaren ya diro ya bi danga. Yaron ya tsaya yana duban huɗun da suka rage. A ranar ce ya fara lura cewa lanƙwasar jelarsu daidai take da ta wanda ya gudu, haka ma yadda suka ware yatsu. Shi da yake yini yana farautarsu da danƙo bai taɓa sanin yatsu nawa ne a ƙafar ƙadangare ba, sai da ya ƙirga a jikin randa ya sami biyar. Daga baya ya kama na gaske ya ƙirga, ya sami biyar. Wato dai wata mata da bai taɓa gani ba, a wani gari da bai san sunansa ba, ta zauna ta kalli ƙadangare har ta san shi fiye da mai jifarsa.

Daga cikin irin waɗannan magina ne matar da ke bayan takardar kuɗin ta fito. An haifi Ladi Kwali wajen shekarar 1925 a garin Kwali, wanda yanzu yake cikin Yankin Babban Birnin Tarayya. 'Yar ƙabilar Gbagyi ce, wato mutanen da Hausawa suke kira Gwari, kuma a wurinsu ginin tukwane sana'ar mata ce. Ba ta yi karatun boko ba. A wurin wata 'yar'uwar iyayenta ta koyi aikin tun tana ƙarama, kamar yadda 'yan mata da yawa na tsararta suka koya.

Bisa al'ada, maginiyar Gwari ba ta amfani da abin juya tukunya. Tukunyar ce take zaune wuri ɗaya, maginiyar kuwa ita take kewaya ta a sunkuye. Takan ajiye curin yumɓu, ta huda tsakiyarsa da dunƙulen hannu, ta riƙa jawo gefensa sama. Daga nan sai ta mulmula wani yumɓun ya yi tsawo kamar igiya, ta ɗora, ta liƙe, ta sake ɗora wani, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har ciki ya fito, kafaɗa ta rufe, wuya ya tashi. Da katantanwa take kankare cikin tukunyar, ko da sakaina, ko da ɓawon wani ɗan itace mai tauri. Idan tana son layukan ado sai ta murza murɗaɗɗiyar igiya a jikin ɗanyen yumɓun. In ya sha iska ya yi tauri kaɗan, sai ta ɗauki tsinke ko 'yar wuƙa ta yi zane. Bayan tukwane sun bushe sai a jera su a fili, a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. A wurare da dama akan yayyafa musu ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tun suna da zafi, don su yi duhu su ƙara ƙarko.

Abin lura a nan shi ne, babu abu ɗaya a cikin wannan aiki da aka sayo a kanti. Ƙasa ce ta ba da jikin tukunyar, rafi ya ba da ruwan kwaɓi, dodon koɗi ya ba da gidansa, duma ya ba da sakaina, ɗorawa ta ba da shafe, daji ya ba da wuta. Saboda haka dole maginiya ta san muhallinta ciki da waje: gaɓar rafin da yumɓunta yake da danƙo, da wadda nata yake tsagewa a wuta; lokacin da iskar hunturu za ta busar da tukunya da gaggawa har ta dare; ranar da hadari zai iya tarar da matoya. Wadda ba ta san waɗannan ba, komai gwanintar yatsunta, tsingaro za ta kwasa.

Dattijon ya daɗe yana tunani a kan irin halittun da suka cika jikin tukwanen Ladi Kwali. Ba zaki ba ne ko giwa ko ingarman doki, wato dabbobin kirari da sarauta. Ƙadangare ne, da kunama, da kada, da hawainiya, da maciji, da kifi, da tsuntsaye. A nasa ganin, waɗannan su ne waɗanda mace take haɗuwa da su tsakanin ƙofar ɗakinta da bakin rafi. Kunama tana son damshin gindin randa, shi ya sa ake hana yarinya cusa hannu a ƙarƙashinta da dare. Kada yana kwance a mashaya. Hawainiya tana kan reshen da ya gitta hanya. Hatta yadda aka zana su yana nuna inda mai zanen ta tsaya: ƙadangare da kada da kunama daga sama ake ganinsu, a baje, kamar yadda mai tafiya take hango su a ƙasa ko a kan fa, kifi da tsuntsu kuwa daga gefe. Sannan ta cika jikinsu da ƙananan layuka masu gittawa, waɗanda ido yake karantawa a matsayin ɓawon kifi a nan, kaushin bayan kada a can.

Kuskure ne a ɗauka cewa ƙauna ce kaɗai ta haifi wannan zane. Ba wadda take ƙaunar kunama. Akwai tsoro a ciki, akwai kuma girmamawa irin wadda ake yi wa maƙwabcin da aka san ba zai tashi ba. Zaman maƙwabtaka ba ya wajabta a so juna, amma yana wajabta a san halin juna. Matar da ta zana kunama a jikin randar da 'ya'yanta za su sha ruwa, ta ajiye musu fuskar maƙwabciyarsu ne a inda za su gan ta safe da yamma.

Bahaushe shi bai cika zana siffar mai rai a jikin kayansa ba, musamman tun da Musulunci ya kafu a ƙasarsa. Amma daji bai suɓuce daga hannunsa ba, sai ya koma ya ɓuya cikin sunaye da kayan aiki. Ƙahonnin da magini yake tsayarwa a kusurwoyin soro zankaye ake ce musu, kamar zankon tsuntsu. Lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufin soro sunansa bakan gizo. Ƙullin adon nan da ake gani a jikin riguna da bangaye, wanda ya zama tambarin Arewa, dagi ne sunansa, wato tafin ƙafar zaki ko damisa. Azara daga giginya take, shuni daga baba. Ita kanta tukunyar ƙasa ta daɗe tana raka Bahaushe daga farko har ƙarshe, domin a cikinta ake dafa ruwan wankan jego, kuma a garuruwa da dama da tukwane ake rufe kabari.

Da a Kwali Ladi ta ƙare rayuwarta, da wataƙila sunanta ya ɓace kamar na wadda ta gina randar kakar dattijon. Abin da ya sauya labarin ya faru ne a Abuja. Ba Abujan yau ake nufi ba, tsohuwar ake nufi, garin da sarakunan Hausa na Zazzau suka kafa bayan jihadi, wanda aka sake wa suna Suleja bayan an ba sabon babban birnin ƙasa sunansa a 1976. Sarkin garin na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, mutum ne mai son aikin hannu, kuma ya tara tukwanen Ladi a fadarsa. A nan ne wani Bature magini mai suna Michael Cardew ya gan su. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗauke shi aiki a farkon shekarun 1950, don ya koyar da yadda ake yin farantai da kofuna irin na tangaran a cikin ƙasa, maimakon a riƙa shigo da su daga waje. Ya zagaya wurare da yawa kafin ya zaɓi Abuja ya kafa cibiyar koyarwa, kuma cikin abubuwan da suka ja shi akwai yumɓu mai kyau da ruwa da itacen wuta. Ashe shi ma Baturen ƙasa ce ta zaɓa masa mazauni.

A shekarar 1954 Ladi Kwali ta shiga wannan cibiya, ita ce mace ta farko. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, ta yi kwanuka da farantai da kofuna. Takan tsoma su cikin ruwan jar ƙasa ko farar ƙasa, sannan ta karce zanenta a kai da kibiyar beguwa. Amma ba ta bar ginin hannu ba. Daga baya wasu matan Gbagyi suka biyo ta, suka sami ɗakinsu na aiki da ake kira Ɗakin Gwari, inda suka ci gaba da gina manyan randuna kamar yadda suka gada. Bambancin ya zo ne bayan an gama ginin. Sai a cike layukan zanen da farar ƙasa don su fito sarai, a shafe randar da wani haɗi mai narkewa ya zama kamar gilashi, a saka ta cikin ginanniyar matoya mai zafin da ya wuce digiri 1,200.

A farkon shekarun 1970, lokacin dattijon yana ɗalibi a kwalejin horon malamai, aka kai ajinsu ziyara wannan cibiya. Bai manta da abin da ya gani a kan wani kanta ba: wata randa mai duhun kore tana sheƙi, kadoji da kifaye suna kewaye da ita a cikin gidajensu na zane. Bai taɓa ganin abu mai kyau kamarta ba. Ba tare da ya yi shawara da zuciyarsa ba, sai ya miƙa tafin hannu ya ɗora a cikinta, kamar yadda ya saba yi a rumfar kakarsa. Ya ji ta santsi, a bushe ƙayau. Ya tambayi wani ma'aikaci ko ruwanta yana da sanyi. Mutumin ya yi murmushi ya ce masa wannan ba ta ruwa ba ce, ta kallo ce.

Sai daga baya ya fahimci dalili. Wutar fili ba ta kai zafin da zai narkar da yumɓu ya haɗe ba, don haka jikin randar gargajiya cike yake da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ta cikinsu ruwa yake tsattsafowa, iska ta busar da shi, kuma duk ɗigon da ya bushe yakan tafi da wani abu na zafin ruwan da ke ciki. Shi ya sa randa ta fi sanyi a lokacin da iska take a bushe, wato daidai lokacin da aka fi bukatarta. Wannan hikima ce wani malami a Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya ɗauka ya saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. To, wuta mai tsananin zafi takan toshe waɗannan ƙofofi, shafen gilashi kuma ya ƙarasa rufe su. Randa ta yi ƙarfi, ta yi nauyi, ta yi kyau, amma ta daina gumi. Wadda ta daina gumi kuwa ba kunamar da za ta nemi gindinta, ba ƙadangaren da zai hau bakinta.

A ƙuruciyarsa ya yanke hukunci da sauri, ya ce an kashe randar ne aka yi mata kwalliya. Shekaru sun sa ya sassauta, ko da yake ba su sa ya janye gaba ɗaya ba. Randar kakarsa ta fashe a shekarar da aka tashi daga tsohon gidan. An zuba wa kaji ruwa a wani ɓangare nata na ɗan lokaci, sauran ya koma ƙasar da ya fito, da ƙadangarun da komai. Na Ladi Kwali kuwa suna nan. An nuna su a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ita da kanta ta je Ingila da Faransa da Jamus, ta kuma zagaya Amurka a 1972, tana gina randa da hannu a gaban jama'a suna kallo. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, macen da ba ta taɓa zama a aji ba. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, amma har yau akwai tukwanenta a manyan gidajen adana kayan tarihi na Landan da Washinton. Wutar da ta kashe sanyin ita ce ta ba ƙadangarun tsawon rai. Dattijon bai iya cewa an yi riba ba, bai kuma iya cewa an yi asara ba. Wani abin da yakan ba shi dariya mara daɗi shi ne, takardar naira ashirin mai ɗauke da hotonta, wadda ta fito a 2007, ita ce ta farko a Nijeriya da aka buga a kan roba. An ɗora gwanar yumɓu a kan abin da ya kori yumɓu daga gidaje.

Da dare ya yi, ya sa ɗansa ya nemo masa hotunan tukwanenta a waya, ya kira jikar tasa ya nuna mata. Ta gane kifi nan take. Ta gane ƙadangare. Kunama ta ce ta taɓa gani a littafi. Da aka zo kan hawainiya sai ta yi shiru, can ta ce ƙadangare ne mai ƙusumbi. Ta san karin maganar hawainiya da rama, an koya musu a darasin Hausa, har ta ci maki a kansa, amma ba ta taɓa ganin hawainiya ba, ramar ma sai a kwano. Ya buɗe baki zai yi mata tsiya, sai ya tuna shi kansa ya fi shekara ashirin rabonsa da ganin hawainiya. Fadamar da ke bayan unguwarsu, inda ya tarar da kadanya da ɗorawa lokacin da ya sayi filinsa, yanzu gidaje ne har bakin kwalbati.

Wannan ne ya hana shi barci da wuri. Zane irin na Ladi Kwali zance ne tsakanin mutum biyu da suka san abu ɗaya. Mai zane ta rage, ta taƙaita, ta bar layuka kaɗan, don ta san mai kallo zai cike sauran daga abin da idonsa ya taɓa gani: tafiyar hawainiya ta yanga, da idonta mai juyawa shi kaɗai, da jelarta mai naɗewa. Idan mai kallo bai taɓa gani ba, ba shi da abin cikewa, sai zanen ya zama ado kawai, kamar furen da ke jikin atamfa. Ba tukwanen ne suke cikin haɗari ba, su suna cikin gilashi ana gadinsu. Masu iya karanta su ne suke ƙarewa.

Kuma bai wanke kansa ba. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa. Ya tuna sau nawa ya zana tuffa a allo, ɗan itacen da a lokacin ko shi bai taɓa ɗanɗanawa ba, ya ce yara su kwafa, alhali ga jan gwada nan a kan tagar ajin yana gyaɗa musu kai. Bai taɓa cewa su ajiye fensir su dube shi ba. Sau da yawa ma shi ne yake aika babban yaro ya kore shi.

Ranar kasuwa ya hau Keke Napep ya tafi can gefen da masu tukwane suke, bayan rumfunan bokitai da jarkoki. Ya daɗe yana ƙwanƙwasa randuna da yatsa yana sauraren amonsu, har ya sami wadda ta yi masa. Ba ta da ƙadangare, layuka uku ne kawai na murɗaɗɗiyar igiya a wuyanta. Surukarsa ta yi mamaki, ga firji a gida, amma kunya ta hana ta magana. Shi da kansa ya zuba yashi a kusurwar tsakar gida inda inuwa take daɗewa, ya kafa ta, ya sa aka wanke ta aka cika, ya rufe da faifai.

Washegari da azahar, an ɗauke wuta tun safe, ya ɗebo a moɗa ya miƙa wa yarinyar. Ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Kaka, warin ƙasa yake yi."

"Ƙanshi dai, amarya."

Ba ta shanye ba, ta miƙo masa sauran. Bayan kamar mako biyu, ya fito alwalar magariba sai ya hango ta tsugune a gindin randar, ta tallabe haɓa, ko motsi ba ta yi. Wani kwaɗo ne ya haƙa wa kansa gurbi a cikin jiƙaƙƙen yashin, idanunsa kaɗai ne a waje. Da ta ji takunsa sai ta ɗaga hannu ba tare da ta waiwayo ba, ta ce a hankali, "Kaka, bi ta can, kada ka tashe shi."